Zango a gonar wani: Yadda manomi da makiyayi ke ƙulla zaman rani a Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega daga ƙarshen watan Nuwamba, da zarar ya wuce Boɗinga ya doshi Shagari, zai riƙa hango wani abu a gonakin gefen titi wanda babu shi a watan Agusta. Inda gero ya rufe ido da damina, yanzu fili ne fetal. A tsakiyarsa ga bukkokin kara biyu ko uku, ga ƙore a jere bisa ɗan gado, ga maruƙa a ɗaure, hayaƙi yana tashi. Mutanen da ke cikin bukkokin nan ba su ne masu gonar ba, ba su kuma zo da niyyar mallakarta ba. Sun ɗauko gidansu ne a bayan jaki ko takarkari, suka kafa shi da yardar mai wuri, kuma kafin ruwan fari ya sauka za su kwashe shi su ƙara gaba.

Da yawa daga cikin gonakin nan na mutanen birni ne. Akwai ɗan kasuwar da ke da rumfa a Sakkwato amma gonar gadonsa tana Sifawa ko Danchadi, akwai ma'aikacin gwamnatin da ya sayi fili a wajen Kajiji ko Dandin Mahe don ya sami abin dogaro bayan ritaya. Irin waɗannan ne ake kira a waya bayan girbi, ƙane ko mai kula da gona ya ce, "Fulani suna neman izinin sauka a gonarka, me za a ce musu?" A da amsar ba ta buƙatar dogon tunani. Yau kuwa wasu kan ce a'a tun kafin a ƙarasa magana, wasu su ce to ba tare da sun tambayi komai ba, kuma kowanne daga cikinsu yana iya yin asara.

Abin da gona ke samu

Mafi yawan gonakin tudu a wannan yanki jigawa ce, ƙasa mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa ko abinci da daɗewa. Ga shi an daina barin gona ta huta, domin jama'a sun yawaita, kowace shekara sai an noma ta. Ƙasar da ake ɗiba kullum ba a mayar mata, dole ta gaji, kuma alamar gajiyarta sananniya ce: zangarniya ta ƙanƙance, ƙuduji ya mamaye wuri.

Shanun da suka kwana a gona suna mayar mata da abin da aka ɗiba. Da rana suna kiwo a daji da fadama da sauran gonaki, da dare su dawo su zubar da abin da suka ci a wuri ɗaya. Wato garke yana tattaro albarkar fili mai faɗi ya tara ta a gonar mutum guda. Wani zai ce ai ana iya sayen taki a ɗauko a amalanke. Haka ne, amma ba ɗaya ba ne. Babban kaso na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar yana cikin fitsarin dabba ne, shi kuwa fitsari ba ya hawa amalanke. Takin da aka tara a gida rana ta gasa shi wata da watanni ya riga ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa kafin ya iso gona. Amma inda saniya ta kwana, kashi da fitsari suna shiga ƙasa tare, kofato ya tattake su. Shi ya sa makiyayin da ya san aikinsa ba ya barin shanu su dawwama a kusurwa ɗaya, yakan matsar da makwancinsu bayan 'yan kwanaki har sai gonar ta samu ko'ina. Amfanin kuma ba na damina ɗaya ba ne, manoma sun san wurin da garke ya kwana yakan nuna kansa a shekara ta biyu, wani lokaci har ta uku.

Saboda haka a tsarin da aka gada, mai gona ne ke biyan baƙo, ba baƙo ke biyan mai gona ba. Manomi kan aika wa Arɗo goro tun kafin a gama girbi don kada maƙwabci ya riga shi. Idan an sauka ya ba da damman gero gwargwadon girman garke da yawan kwanaki, wani ya haɗa da kanwa ko gishiri, wani ya yashe rijiya. Matan ruga kuma su sami kasuwar nono da man shanu a cikin gari, su koma da hatsi. Akan sami gidan da ya shekara ashirin yana saukar da zuriya ɗaya, uba ya mutu ɗa ya ci gaba, har a riƙa halartar sunan juna.

Baƙon da ke tafe da gidansa ba sabon abu ba ne a wannan hanya. Fataken da ke zuwa Jega, wadda ta kasance babbar kasuwa a ƙarni na 19, da ayarin masu neman goro a Gwanja, ba a cikin gari suke kwana ba. Akwai zango a bayan gari, akwai wanda ke kula da shi, akwai abin da madugu ke bayarwa. Kalmar ta bi su har Kumasi, inda unguwar baƙi Musulmi take amsa sunan Zango har yau. Boɗinga kanta tana da nata rabo a tarihin wannan batu. A nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da yayansa Shehu Usmanu yake Sifawa, kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815. Daga cikin littattafan Malam Abdullahi akwai Ta'alimur Radi, wanda ya keɓe ga hukuncin ƙasa: yadda mutum ke samun haƙƙi a kan filin da ba na kowa ba, da hurumin gari da na rijiya, da filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a. A Shagari kuwa, mahaifin tsohon Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari, wato Magajin Shagari Aliyu, manomi ne, ɗan kasuwa, kuma makiyayi kafin ya hau sarauta. Mutum ɗaya ya haɗa sana'o'in da yau ake maganarsu kamar abokan gaba.

Can ma haka ne, sai dai da mota

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa wannan tambaya ta wa zai sauka a filin wa, har tsawon wane lokaci, tana damun ƙasashen da ba su san ruga ba. A Amurka da Turai akwai mutane masu yawan gaske da ke yawo da mota mai ɗaki, wadda Amurkawa ke kira RV: a cikinta akwai gado, murhu, tankin ruwa da makewayi. Wasu hutu suke zuwa da ita, wasu kuwa ita ce gidansu. Amma komai kyan motar, idan dare ya yi sai ta nemi ƙasar da za ta tsaya, ƙasar kuwa tana da mai ita.

A gaɓar tekun jihar Virginia akwai wani ƙaramin gari a kan tsibiri mai suna Chincoteague. Kusan kowace shekara a ƙarshen watan Yuli, tun daga 1925, akan koro dawakan da ke kiwo a tsibirin Assateague su yi iyo su tsallako, a yi gwanjon 'ya'yansu. Dubban baƙi ke cika garin, da yawansu a cikin irin waɗannan motoci, suna sauka a filayen da masu su suka mayar zango na haya. Tsibiri ba ya faɗaɗa, ruwan shan garin ma ta bututu ake kawo shi daga tudu, don haka kowane ƙarin baƙo ƙarin nauyi ne a kan ruwa da magudana. Abin da hukumomi ke sa wa ido a irin waɗannan wurare ke nan: mota nawa, kwana nawa, ina za a zubar da ƙazanta.

A Ingila, dokar 1960 ta buɗe hanyar da manomi zai iya saukar da irin waɗannan gidaje masu taya har guda biyar a gonarsa ba tare da lasisi ba, muddin wata ƙungiya da aka amince da ita ta duba wurin ta ba shi shaida. A 2023 kuma aka ba mai fili damar mayar da shi zango na kwana 60 a shekara, kada wuraren sauka su wuce 50, da sharaɗin ya tanadi makewayi da wurin zubar da shara, ya kuma sanar da ƙaramar hukuma tun da wuri. A Faransa akwai tsarin France Passion tun 1993, inda manoma da masu gonakin inabi ke barin mai mota ya kwana ɗaya kyauta, shi kuma idan ya ga dama ya sayi cuku ko zuma a wurinsu kafin ya wuce.

Bambancin da ke tsakaninmu da su abin dariya ne idan aka lura. A can, abin da baƙo ya bari a ƙasa shi ne matsalar da ake kafa wa doka. A Boɗinga da Shagari, abin da baƙo ya bari a ƙasa shi ne kuɗin hayar. In ban da wannan, tambayoyin iri ɗaya ne, sai dai su sun rubuta amsoshinsu, mu kuwa mun bar namu a bakin dattawa, dattawan kuma suna ƙarewa.

Inda igiyar ta fara tsinkewa

Abu na farko da ya sauya shi ne darajar abin da ke saura a gona. A da, kara da karmami da harawa abin bari ne, makiyayi ya ci kyauta. Yanzu haja ce. Harawar wake da ta gyaɗa ana ɗaure ta a kai birni, kara ana tara shi a kan bishiya ko a rumbu a jira bazara ya yi tsada. Kuma bari mu faɗi gaskiya, mu mazauna birni da ke turke rago biyu ko uku a bayan gida muna jiran layya, mu ne muka buɗe wannan kasuwa. Sakamakon shi ne a wurare da yawa ciniki ya juya: makiyayi ne ke biyan kuɗi kafin ya shiga gonar da aka girbe. Wanda ya biya kuɗi ya ci kara ba ya jin akwai wata amana a kansa ta ya kwana ya ba da taki. Ya ci ya wuce.

Na biyu ruwa ne. Garke ba ya zama inda ba mashaya. Fadamun da dā suke zama makiyayar rani sun koma lambuna tun da shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse, kuma a kewayen madatsar ruwa ta Shagari noman rani ya kankama. Alheri ne babba, albasa da tumatir da shinkafa suna ciyar da gidaje masu yawa. Amma kowane lambu da aka kafa a bakin ruwa yana iya toshe hanyar da shanu suka saba bi, burtali kuma kullum ƙara tsukewa yake yi, wannan ya ci taku ɗaya, wancan ya ci biyu. Mutumin da ya saukar da garke a gonarsa ta tudu ba tare da ya tambayi ta ina za su bi su sha ruwa ba, ya ɗaura wa masu lambu faɗa ne yana zaune a ofis.

Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, tsoro ne. Ta'asar 'yan bindiga a gabashin jihar, a Isa da Sabon Birni da Rabah, da ɓullar Lakurawa a Tangaza da Gudu, da hare-haren da suka taɓa ƙauyukan kudancin jihar, sun sa duk baƙuwar bukka ta zama abin zargi. Ba za a ga laifin wanda aka taɓa sace wa ɗan'uwa ba idan ya ƙi. Sai dai a tuna makiyayin kirki shi ne farkon wanda ɓarayin shanu ke talautawa, kuma sau da yawa dalilin da ya sa yake neman gona kusa da gari ke nan. Idan aka kore shi daga inda ake ganinsa, aka tura shi dajin da ba mai ganinsa, ban ga wanda ya ƙaru ba.

Duk da haka zaman bai mutu ba, hasali ma tsadar takin zamani tun daga 2022, da faɗuwar darajar Naira bayan 2023, sun sa manoma da dama sun sake waiwayar garke.

Me doka ta ce?

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama da amfani ne. Filayen karkara suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wadda ke iya ba mutum har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Sayar da gona ko jinginar da ita yana buƙatar amincewar hukuma. Izinin sauka na 'yan watanni kuwa ba sayarwa ba ne, ba ya mayar da baƙo mai gona. Inda ake samun rikici shi ne idan aka bar zama ya zarce shekara da shekaru babu shaida, bukka ta zama ɗakin laka, aka dasa bishiya, waɗanda suka yi maganar farko suka mutu, 'ya'ya suka tashi kowa da labarin da ya ji. Mai gonar da ke birni, wanda ba ya leƙa ta sai da kaka, shi ya fi kowa shiga wannan haɗari.

A ɓangaren shari'ar Musulunci, wadda ita mutanen yankin suka fi kai ƙara gabanta, mazhabar Malikiyya ta yi bayani filla-filla. Idan haya ce, dole a san lada a san wa'adi. Idan aro ne aka yanka masa lokaci, mai gona ba shi da ikon tayar da baƙo kafin lokacin ya cika don kawai ransa ya ɓaci. Game da ɓarna kuwa, asalin hukuncin shi ne abin da dabba ta lalata da dare yana wuyan mai ita, domin shi aka ɗora wa tsare ta, da rana kuma masu gona ne aka ɗora wa tsaron gonarsu, sai fa idan makiyayi yana tare da dabbobin ya yi sakaci ko ya kora su da gangan. Alƙali kan duba al'adar wuri da yadda abin ya faru. Amfanin sanin wannan shi ne mutum ya gane ba kowace ɓarna ce ake biya kai-tsaye ba, gara a yi sharaɗi tun farko.

Ga makiyayan da ke tsallako iyaka daga Nijar, yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1998 ta tanadi takardar shaida mai nuna yawan dabbobi, allurar rigakafin da aka yi musu, da hanyar da za su bi. Ko da yake Nijar ta fice daga ƙungiyar, tambayar da takardar ke amsawa tana nan: dabbobin nan lafiyarsu ƙalau? Mai gonar da ke da nasa shanu a gida yana da haƙƙin ya tambaya, don ciwon huhu ba ya neman izini kafin ya tsallaka shinge.

Kafin a ce to

Wanda aka kira a waya, abu na farko da ya kamata ya tambaya shi ne wa ya san su. Ba a saukar da garke a kan maganar mai gona shi kaɗai. A tsarin Sakkwato akwai mai unguwa, akwai hakimi, akwai uban ƙasa, a ɓangaren makiyaya kuma akwai Arɗo ko Sarkin Fulani. Baƙon da Arɗon yankin ya tsaya masa, aka kai shi gaban hakimi aka san sunansa da inda ya fito da yawan mutanensa, ya bambanta da wanda aka wayi gari aka gan shi. Wannan kariya ce ga mai gona kansa, domin a halin da ake ciki, wanda ya saukar da mutumin da daga baya aka same shi da laifi zai sha tambayoyi a wurin jami'an tsaro.

Sai a faɗi adadi. Garken da aka ce shanu talatin ne, kada a wayi gari a ga ɗari da raƙuma. A faɗi hanyar mashaya, a kuma sanar da maƙwabtan da ke da rogo ko lambu ko waken da bai gama bushewa ba, tun da su ne za su kwana da fargaba ba mai gonar ba. A yi maganar itatuwa a fili. Gawo yana fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, 'ya'yansa kuma abinci ne mai kyau ga dabbobi, don haka makiyayi zai so ya sassare rassansa. Gawon da aka yi wa aski fiye da kima yakan ɗauki shekaru bai murmure ba, alhali shi kansa taki ne ga gonar. A ce masa ya kaɗe 'ya'ya, ko a nuna masa iya abin da zai sara.

A fayyace wa zai ba wa. Idan kara ne aka sayar, a ce kara ne. Idan taki ake so, a faɗi dare nawa garke zai kwana, da yadda za a riƙa matsar da shi, da damma ko kuɗin da za a bayar, rabi a farko rabi a ƙarshe. Ba abin kunya ba ne a rubuta wannan a takarda guda, da boko ko da ajami, shaidu biyu su sa hannu, a ɗauki hotonta a waya. Ɗan kasuwar da ba ya ba da buhun sukari bashi sai ya rubuta, bai kamata ya ba da gonar gado a kan "Allah Ya kai mu" ba.

Wa'adi shi ne ƙashin bayan maganar, kuma yana da baki biyu. Ranar shiga ta fi kawo rikici, domin gero yakan nuna tun watan Satumba, amma dawa da maiwa da wake sukan kai Nuwamba. Mai geron da ya gama girbi ya kira garke da wuri, ya jawo shanu tsakiyar amfanin maƙwabtansa. A Jamhuriyar Nijar, wadda ta kafa kundin dokokin karkara a 1993 ta kuma ƙara da dokar kiwo a 2010, hukuma ce ke zama da manoma da makiyaya da sarakuna kowace shekara ta sanar da ranar sakin gonaki. Kafin ranar, dabbar da ta shiga gona ta yi laifi. Bayanta, wanda ya bar amfaninsa a fili ya san abin da ya yi. Ba sai an jira Abuja ko sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024 ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da uwayen ƙasa da Arɗo-Arɗo, suna iya zama a watan Oktoba su tsayar da irin wannan rana, a yi shela a masallatan Juma'a da kasuwanni da rediyo.

Ranar tashi kuwa a ɗaure ta da aikin gona, kada a ɗaure ta da ruwan sama. Manoma da yawa a yankin suna yin binne, su zuba iri a busasshiyar ƙasa tun a watan Mayu su jira ruwa. Idan aka ce "sai ruwa ya sauka", garke zai tattake irin da aka binne. Gara a ce kafin sharar gona, a ba makiyayi sanarwar mako biyu don ya nemi inda zai dosa, a kuma yarda tun farko cewa karan bukkoki da turaku da tokar murhu za su zauna a gonar.